Ƙarar da Malam Ya Tafi da Ita

Shekara ashirin da bakwai na yi a gidan mahauci kafin in ji yadda ake gane hanta mai ciwo, kuma a kan ta mijina na ji. Muna wani babban asibiti a Sakkwato, likita ya ɗaga hoton cikinsa yana ta kewaye-kewaye, wai akwai 'yan ƙulle-ƙulle, wai sai an ƙara bincike. Malam ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya gani. Ya matsa kusa da taga da hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya mayar wa likita.

"Likita, ni mahauci ne," ya ce. "Tun ina ɗan shekara goma nake fiɗa. In munka buɗe sa munka iske hanta da irin wanga tsiro, ba mu sai da ta, rami ake gina mata. Gaya mani gaskiya, wata nawa?"

Likitan matashi ne, bai fi sa'an ɗanmu na fari ba. Ya sunkuyar da kai ya ce rai a hannun Allah yake, amma ciwon daji ne, kuma ya riga ya ci wuri. Ya rubuta mana maganin rage zafi, ya ce duk lokacin da cikin ya cika da ruwa a kawo shi a zuƙe. Iyakar abin da za su iya ke nan.

Muna hanyar dawowa Mafara, wajen Tureta, Malam ya roƙi direba ya tsaya ya saya mani rake, abin da rabonsa da yi tun ina amarya. Na riƙe raken har gida ban sha ba.

Ni 'yar Damri ce, ta ƙasar Bakura. Iyayena manoma ne, gero da albasa muka sani. Da aka kawo ni Mafara ƙarnin jini ya hana ni cin abinci kusan wata guda, daga baya kuma na zama ni ce mai dambun naman da duk unguwa ke aikowa saye. Malam mutum ne mai ƙarancin magana. Da asuba ya fita mayanka, da hantsi ya kasa nama, ran Talata kuwa, ranar kasuwa, sai magariba muke ganinsa. Haihuwa bakwai na yi, biyar suka tsaya. Na farin namiji ne, kuma kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa gaban mutane ba. "Kai, wane," nake ce masa, ko in sa ƙannensa su kira mani yayansu. Shi kuwa Inna yake ce mani. Yana shigowa zai haye turmina ya zauna, ya zura hannu cikin dambun sayarwa, ina faɗan ba a zama kan turmi, ina yi kamar ban ga hannun ba.

Da ciwo ya kwantar da uban, shi ya ɗauki wuƙa. Shekararsa ashirin da biyar, bai yi aure ba tukuna, an dai kai gaisuwa.

Akwai wani dillalin shanu da ya fi shekara ashirin tare da Malam. Da wuya Malam ya yanka san da ba ta hannunsa ya biyo ba. A zaurenmu yake cin abincin rana, har na san ba ya son yaji, ina ware masa miyarsa daban. Da matarsa ta haihu ba danginta kusa, ni na riƙa zuwa ina dafa mata ruwan wanka har ta yi arba'in. 'Ya'yana Kawu suke ce masa.

Ana saura mako uku Babbar Sallah yaron ya ce zai shiga ƙasar Maradun ya sayo shanu, don a can sun fi sauƙi. Kowa ya san yadda hanyar take a shekarun nan. Malam ya ƙi. Sai ga dillalin har bakin shimfiɗarsa, ya durƙusa ya ce, "Maigida, ɗanka ɗana ne. Ni zan raka shi, ƙafata ƙafarshi. Na san lokacin da hanya ke da lafiya." Malam ya yarda, da sharaɗin kada kowa ya ji ranar tafiya, kuma mota a can za su ɗauka in sun gama ciniki. Mu huɗu muka san ranar: Malam, ni, yaron, da shi.

Ranar da hantsi wayar Malam ta yi ƙara. Yaron ne ya turo hoton wani jan sa, ƙato, ƙahonsa na hagu a karye rabi, da farin tabo a goshi kamar an shafa masa alli. Malam ya kira ni daga madafi. Rabona da ganin haƙoransa tun Sakkwato.

"Zo ki ga abin da ɗanki ya zaɓo. Yaron ga ya yi ido. Dubi tozo!"

Na leƙa na ce, "Uhm," na koma kan tukunyata ina murmushi inda ba mai ganina.

La'asar sakaliya aka yi sallama a ƙofar gida, muryoyi da yawa, ba wanda ke son shigowa. Daga nan na gane. 'Yan bindiga sun tare motar tsakanin Maradun da Mafara, sun kora shanun daji, sun harbi direba a cinya, sun harbi ɗana a ƙirji. Direban ya rayu. Dillalin ba ya cikin motar.

Washegari da safe aka yi masa sutura. Malam ba ya iya tsayuwa, a kujera aka ɗauke shi zuwa ƙofar gida, a zaune ya sallaci ɗansa. Mata suka kewaye ni suna cewa, "Ɗan fari ne, ki daure, kada ki ba mu kunya." Na daure. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un nake ta maimaitawa har leɓuna suka bushe, hawaye bai zo ba. A wajen zaman makoki kuwa, aka ce ba wanda ya kai dillalin kuka. Ya ce gudawa ce ta kama shi, ya sauka a wani ƙauye ya ce su ci gaba zai biyo su a mashin. Yana ta dukan ƙirji wai da ma shi aka kashe. Har tausayinsa na ji. Na dama kunu na aika masa zaure.

Ina da ƙane a Damri, shi ke bi mani. Manomi ne, amma tun da aka kashe masa abokan aiki biyu a gona ya shiga 'yan sa-kai, masu gadin ƙauye da bindigar gida. Ran addu'ar bakwai ya jira mata suka ragu, ya shigo ɗakina ya sakaya ƙofa.

"Yaya, akwai magana. Na je asibiti na ga direban."

Direban ya gaya masa cewa tun da aka fara loda shanu dillalin ke ta waya, yana matsawa bayan mota in zai yi magana. Da ya sauka a ƙauyen nan da ƙafarsa garau ya sauka, ba alamar mai ciwon ciki. Motoci biyu da ke gabansu sun wuce lafiya, su aka tsayar. Kuma abin da mutanen suka fara tambaya shi ne, "Wane ne ɗan mahaucin Mafara?" Shi kansa direban bai san ɗan wa ya ɗauko ba. Sun so su tafi da yaron daji, suka ce ya hau mashin. Ya ce masu ubansa na kwance ba lafiya, ba mai kai shi asibiti sai shi, su ɗauki shanun, shi ba inda za shi. Sau uku suka ce ya hau.

Na ce wa ƙanena zato zunubi ne. Da bakina na faɗa, amma daga ranar ban ƙara ware miyar kowa ba.

Ana saura kwana huɗu Sallah ƙanen nawa ya dawo, wannan karon ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya je wata kasuwar shanu can nesa da mu ya raka abokinsa sayen abin layya. Ya miƙo mani wayarsa da hoton da ya ɗauka a can. Na lallaɓa na ɗauko ta Malam yana barcin rana, na jera su a kan tabarma. Jan sa, ƙahon hagu a karye, farin tabo a goshi. A hoton farko hannun ɗana ne a kan tozon. A na biyu igiyar tana hannun mutumin da na shekara ashirin ina tuƙa wa tuwo.

"Mu ba mu taɓa mutum sai mai jini ya ce," in ji ƙanena. "Malam ne mai jini. Ba sai ya yi magana ba, Yaya, ya ɗaga kai kawai. Gobe war haka an gama."

Na shiga wurin Malam. A lokacin cikinsa ya yi tulu, hannuwansa sun zama kara, idanunsa kamar an zuba masu ƙwaiduwa. Na tashe shi, na nuna masa hotunan, na gaya masa duk abin da direba ya ce da abin da ƙanena ke jira. Ya daɗe yana kallon wayoyin, ya fi daɗewa a kan ta farko. Sannan ya juya fuska bango.

"A'a."

"Malam, san ne fa. Dubi ƙahon."

"Na ga ƙaho. Sa na sake hannu sau biyar a mako. Ni kaina na sha sayen na sata ban sani ba."

"Da wayar da ya riƙa yi? Da saukar da ya yi?"

"Ina bakin kabari, ki ɗora mani jinin mutum bisa hoto da ji-ta-ji-ta? Ki gaya ma ƙanenki na ce a'a."

Abin da na faɗa masa a lokacin, har gobe ina neman gafarar Allah a kansa. Na ce, "Da hanta kaɗai ciwon ga ya ci da sauƙi. Ashe har zuciya ya cinye." Na fita.

Dangin Malam suka kai hotunan gaban hukuma. Aka kira dillalin, ya ce sayen san ya yi a hannun wani, ya faɗi sunan da aka nema aka rasa mai shi. Kwana biyu aka sake shi. Ran Sallah aka gan shi a masallacin idi da sabuwar shadda.

Kwana goma sha ɗaya na yi ban yi wa Malam maganar da ta wuce ta dole ba. Ina juya shi, ina goge masa jiki, ina ba shi kunu cokali-cokali. Ciwon yana sa shi ƙaiƙayi har ya ji wa kansa rauni, sai in zauna ina sosa masa baya da totuwar masara, awa guda, biyu, ban ce uffan ba. In ya ce sannu in ce yauwa. Ina jinyar mutum da hannuna, ina fushi da shi da zuciyata, ga shi kuma kullum yana ƙara ƙarewa a gabana. Ban taɓa shiga ƙunci irin na kwanakin nan ba.

Malamarmu ta Islamiyyar matan aure, wata dattijuwa mai ɗingishi, ta zo dubiya. Da za ta tafi na raka ta soro, na riƙe mata mayafi.

"Malama, ya halatta in yi wa mutum mugun baki a sallah?"

Ta dube ni sosai. Ta ce addu'ar wanda aka zalunta ba shamaki tsakaninta da Allah, kuma Allah bai hana wanda aka cuta ya kai kuka ba, sai dai kada ya wuce gona da iri. Ta ce amma yafiya ta fi lada, ta fi kuma sanyaya zuciya. Na ɗauki rabin farko na ƙulle a bakin zane, rabin na biyu na bar mata ta tafi da abinta. Da ta kai ƙofa ta waigo ta ce, "Kada ki taɓa ɗiyanshi. Ba su suka yi maki ba."

Daga ranar na sami aikin yi. Duk sujadar ƙarshe ta salloli biyar ta dillalin ce. Ran Juma'a bayan la'asar in shimfiɗa buzu in zauna har rana ta faɗi. Na kama azumin Litinin da Alhamis, kuma Allah ya sani ba lada na fara nema da shi ba, lokacin buɗa-baki nake so, da aka ce addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Da dabino a hannuna nake cewa, ya Allah, in da hannunsa, ka hana shi daɗin abinci. Ka hana idonsa barci. Ka sa duk mashin da ya ji ya ɗauka shi aka biyo. Ka tona shi a kasuwa, gaban waɗanda ke ganin girmansa. Kada ka ɗauke shi da wuri. Sau da yawa na so in ce ka nuna masa a kan ɗansa abin da na gani a kan nawa. Maganar takan zo har bakina ta tsaya. Yaron nan ni na fara yi masa wanka, na san inda tawadar Allah take a bayansa.

Wata Asabar da hantsi sai ga sallamar dillalin a zaure. Wai ya zo duba Maigida, da kankana biyu da ledar lemu. Na tsaya tsakar gida da tsintsiya a hannu. Na ji muryar Malam daga ɗaki, siririya, yana cewa ya shigo. Sannan ya kira ni ya ce a dama wa baƙo fura.

Na shiga madafi na dama furar. A kan katanga, bayan gwangwanin gishiri, akwai kwalbar fiya-fiya da muke yayyafa wa sauro da kuɗin cizo. Ban san lokacin da na sauko da ita ba. Na buɗe, warin ya bugi hancina. Na tsaya da ƙwarya a gabana da kwalba a hannu, ina lissafin ko nono mai tsami da sukari za su ɓoye warin. Ba na jin tsoro. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba, sai na ji Malam ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa:

"A kawo ludayi biyu. Tare za mu sha."

Wata guda ke nan fura ba ta shiga bakinsa ba, ko ruwa sai da dabara. Na rufe kwalbar na mayar. Na wanke hannuna da toka, na sake wankewa da sabulu, na ɗauki ƙwarya da ludayi biyu na kai.

A al'ada in na ajiye sai in fita. Ban fita ba, na tsaya bakin ƙofa. Dillalin ya gaishe ni, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" Na kau da kai. Malam ya sa na jingina shi da filo, ya ɗebi furar ya kurɓa, ya ajiye ludayi.

"Mi ya sauke ka daga mota?"

"Ciki ne, Maigida, wallahi tallahi..."

"Kada ka rantse. Ban ce ka rantse ba. Jan sa fa?"

"Saye na yi. Ban gane shi ba sai da anka nuna mani hoto."

"Kai ka yi cinikinshi da safe, mako biyu ka kasa gane shi. Kai da ke gane saniya da tafiyarta." Malam ya tsaya ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "To. Shekara ashirin da biyu kana cin tuwona. Ba ni da shaidar da alƙalin duniya zai karɓa. An so a taɓa ka, na hana. Kada ka ɗauka yafewa na yi. Likita ya ce kwanana sun ƙare, ni zan riga ka isa. In na isa ƙara zan shigar, ni da yaron, gaban wanda ba a matsa ma bayan mota a yi waya. In ba ka da hannu ba abin da zai same ka, ni zan nemi gafararka can. In kana da hannu, muna nan muna jiranka. Ba mu gaggawa. Sha fura."

Mutumin ya ɗauki ludayi. Na ji yana ƙwanƙwasar bakin ƙwarya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, furar na zuba kan rigarsa. Bai kai baki ba. Ya miƙe ba sallama, na kauce masa kamar yadda ake kauce wa najasa. Na bi bayansa har soro, na ce da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, "Allah ya isa tsakanina da kai, duniya da lahira!" Bai waigo ba. Na ɗauko kankanarsa zan fasa wa awaki, sai na tuna awakina ba su yi mani laifin komai ba. A bola na zubar, har da lemun.

Na koma ɗaki na durƙusa gaban Malam, na kama ƙafafunsa da suka kumbura, na ce ya yafe mani maganar da na faɗa masa.

"Kin ɗauka ban ji zafi ba?" ya ce. "Ni na yanka ragon sunanshi da hannuna." Sannan ya ce, "Na ji kin daɗe a madafi."

A nan kukan ya zo, wanda bai zo ran sutura ba. Na kifa kai a kan tabarma ina yi kamar ƙaramar yarinya, shi kuma hannunsa na kan ɗankwalina, nasa hawayen na gangarawa cikin kunne. Da na lafa ya ce, "Ba kowa nan sai ni. Kira sunanshi in ji." Na kira. Sau ɗaya ke nan a rayuwata, kuma mai sunan bai ji ba.

Kwana goma sha bakwai Malam ya ƙara. Su ne kwanakin da muka fi yin hira a duk zamanmu. Ya ba ni labarin ranar da ya fara ganina ina tallan albasa a kasuwar Bakura, wai na tsawwala masa kuma na yi masa rashin kunya. Ya ce in aurar da 'yan matan ga masu tsoron Allah ko da ba su da komai. Karatuna bai yi nisa ba, 'yan gajerun surori na iya, su nake karanta masa in zafin ya taso, yana gyara mani inda na karkace. Ya bar cin komai, sai in jiƙa auduga in goga masa a leɓe. Ran wata Laraba da hantsi, an kwana ana ruwa, ina jin maƙwabta na fita gona da garemani, ya ce in ɗora kansa a cinyata. Na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada yana karɓa, har ya karɓa ta ƙarshe. Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa da ɗankwalina, sannan na leƙa na kira yara.

Cikin wata biyu na rasa ɗa na rasa miji. Mutane na cewa na yi tawakkali, har ana kawo ni misali a Islamiyya. Ina jinsu kawai. Gaskiya ne Allah na riƙe, ba ni da wani, amma abin da nake gaya masa in na sa goshi a ƙasa da sun ji da ba su kawo ni misali ba.

Ina cikin takaba, bayan arba'in, ƙanena ya dawo. Ya zauna bakin ƙofa ya ce, "Yaya, Malam ya tafi da a'arshi. Yanzu ke ce mai jini." Na ce ya ba ni kwana uku. A kwana ukun nan ba abin da ban hango ba. Na hango an fito da shi daga gida, na hango inda za a kai shi, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin hangen. Da ƙanena ya dawo na ce masa a'a.

"Kin yafe ke nan?"

"Allah shi kiyaye. Na ji malamai na cewa wanda anka kashe ba bisa shari'a ba, ana kwasar zunubinshi a ɗora ma wanda ya kashe shi. Ba zan rage mashi ko ƙwayar gero ba, balle in ɗora maka. Ina son ya isa da kayanshi cif, a ɗaure, yadda ya ɗauke su."

Ya tashi bai ci abincin da na zuba masa ba. Wata biyar bai taka gidana ba.

Mahautan Mafara ba su yi taro ba, ba wanda ya ba da umarni. Kawai dai aka wayi gari ba mai taya san da igiyarsa ke hannun mutumin. In ya yi sallama a kara, kasuwar shanu, a amsa masa, kowa ya juya ga abin da yake yi. Aka ce ran Talata yakan yini a tsaye da dabba har kasuwa ta watse. Aka ce ya rame, ya daina hawa mashin, in ya ji an taka burki bayansa sai ya zabura. Duk wanda ya kawo mani irin wannan labari nakan tsare shi sai ya ci dambu. Shekara ba ta zagayo ba ya kwashe iyalinsa ya yi Kudu.

Bara da azumi wasu dattijai biyu na unguwarsu suka yi sallama. Ɗana na biyu, wanda ke riƙe da sana'ar yanzu, ya shigo da su soro, ni ina bayan labule. Bayan doguwar gaisuwa suka ce mutumin ne ya aiko su. Yana can kwance, ƙafa ta ruɓe har an yanke yatsu, ya ce a zo a roƙe ni a yafi juna, albarkacin wannan wata.

Na ce, "Ya ce ya yi?"

Suka dubi juna, na gani ta gefen labule. Babban ya ce, "Bai ce ba, Hajiya. Ya dai ce zaman tare, ba a rasa saɓani."

"To mi zan yafe? Saɓani ban da shi da kowa. In ya yi, ya faɗa da bakinshi, ya faɗi waɗanda ya kira a waya. In ya faɗa zan zauna in yi tunani. Ban yi alkawari ba."

Dattijon ya ce Allah na son masu yafiya, kuma mu ma muna neman ya yafe mana. Na ce na sani, Baba, Allah shi ba ni ikon kaiwa can, amma bai tilasta mani ba, kuma ban kai ba. Na sa aka ƙulla masu dambu na buɗa-baki, suka tafi. Har yau ba wanda ya dawo da amsa. Ban ji ya mutu ba.

Ina nan a ɗakina, ina dambuna. Na aurar da 'yan mata biyu, ƙanena ya huce, da kaka yakan aiko mani da gero. Malama ta tsufa ƙwarai, ni ke zuwa gaishe ta yanzu, in ta riƙe hannuna ta ce, "Har yanzu?" in ce, "Har yanzu, Malama," ta girgiza kai ta yi mani addu'a. Abin da ya sauya kaɗan ne. Da, da mutumin nake farawa in na ɗaga hannu. Yanzu da Malam nake farawa, sai yaron, sai iyayena, sai masu rai, shi ya koma ƙarshe. Wata rana ma har in shafa in naɗe buzu ban ambace shi ba. In na tuna, ko na kai bakin murhu ne, sai in dawo in sake shimfiɗawa.